Dandalin Gem: Waziri Ya Mutu, To Yaya Aka Yi Ya Ci Babila?

Na san na yi alkawarin wannan makon za mu tattauna yadda ake tattalin batirin waya, to ku yi mini uzuri, wani saƙo ne ya sha gabansa. Wani ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ya aiko shi, ɗan asalin Kusasu, amma yanzu yana zaune wurin kawunsa a cikin garin Birnin Gwari saboda karatu. Ya ce kada in faɗi sunansa, don abokin gardamar tasa ma yana karanta wannan shafi.

Ga abin da ya haɗa su. Su biyun suna buga Prince of Persia a waya, wanda ake kira Rival Swords. A cikinsa akwai wani mugun Waziri da ya ci birnin Babila da yaƙi. Sai yayan abokin, wanda ya taɓa zama a Kaduna ya buga na farko a gidan gem, ya ce musu ai shi da hannunsa ya kashe Wazirin nan tun a wancan wasan. Nan take abokin ya yanke hukunci cewa marubutan labarin shirme suka tafka, sun kashe mutum sun manta. Mai saƙon ya ce a'a, akwai dalili, amma da aka ce ya kawo dalilin sai bakinsa ya mutu. Yau kwana uku ke nan ba sa tafiya makaranta tare. "Malam, don Allah ka raba mana gardama," in ji shi.

To ƙanena, kai ke da gaskiya a kan Waziri. Amma kada ka yi saurin zuwa yi wa abokinka dariya, domin akwai wurin da shi ma maganarsa ta zauna daram, kuma zan nuna maka wurin.

Ba laifinku ba ne da labarin ya rikice muku. Wasannin uku ne a jere, na kamfanin Ubisoft: The Sands of Time a 2003, Warrior Within a 2004, sai The Two Thrones a 2005. Na biyu da na uku an mayar da su kan ƙaramar na'urar PSP da sababbin sunaye, Revelations da Rival Swords, kuma su ne masu turi suke zuba muku a waya kuna bugawa da manhajar PPSSPP. Na farkon ba a yi shi a PSP ba. Ke nan kun shigo tatsuniya ne bayan an daɗe da cewa ga ta nan ga ta nanku. Wanda kuma ya kalli fim ɗin 2010 mai jarumi Dastan ya ajiye shi gefe, labarinsa daban ne, zai ƙara dagula lissafi kawai. A cikin gem Yarima ba shi da suna ma.

Bari in ba ku na farkon a taƙaice. Yariman Farisa da mahaifinsa Sarki Sharaman sun ci birnin wani Maharaja a Indiya, da taimakon Wazirin Maharajan da ya ci amanar ubangidansa. A cikin ganima akwai wani ƙaton agogon yashi, irin mai kama da kwalba biyu baki da baki, da wata wuƙa mai mayar da lokaci baya. Suka kai agogon kyauta ga Sarkin Azad. A can Waziri ya yaudari Yarima ya buɗe agogon da wuƙar, yashin ya bazu, kowa ya rikiɗe ya zama dodo, har da mahaifin Yarima. Mutum uku suka tsira: Yarima, Waziri, da Farah 'yar Maharaja. Bayan doguwar wahala Farah ta faɗo daga sama ta mutu. Yarima ya soka wuƙar a agogon, lokaci ya koma baya gaba ɗaya zuwa daren da ba a riga an kai harin ba. Ya lallaɓa ɗakin Farah, wadda yanzu ba ta san shi ba, ya kwashe labarin duka ya gaya mata. Waziri ya shigo, suka gwabza, Yarima ya kashe shi. Wannan kisan ne yayan abokinka ya gani, kuma bai yi ƙarya ba.

Yanzu ku ɗauko littafin rubutu, ku buɗe shafi biyu na tsakiya. Da gaske nake, ni ma sai da na yi haka kafin kaina ya daina juyawa. Ku ja layi biyu. Na sama ku rubuta masa "Duniya", wato abin da mai rubuta tarihin Farisa zai rubuta shekara bayan shekara. Na ƙasa ku rubuta masa "Sawun Yarima", wato abin da idonsa ya gani bi da bi, daga yarintarsa har zuwa inda yake. A rayuwarmu ni da ku layukan nan biyu tare suke tafiya, shi ya sa ba mu taɓa raba su ba. A labarin komawa baya cikin lokaci kuwa, layin matafiyi miƙe yake, ba ya goguwa, yana tsufa yana tunawa. Na duniya ne ake taɓawa. Mafi yawan gardamar da nake ji a gidajen gem daga nan take tasowa: wani yana magana a kan layin sama, ɗan'uwansa yana ba shi amsa daga layin ƙasa.

Abu na biyu, duk labarin irin wannan sai ka tambaye shi wace doka yake bi. A wasan farko dokar allo ce. Kun san yadda almajiri yake wanke allonsa ya sake rubutu. Rubutun jiya ya tafi, babu inda za a je a same shi, sai a kan wanda ya haddace. Yarima shi ne mai haddar. Da ya soka wuƙa a agogo, an wanke allon duniya, mahaifinsa ya dawo, Farah ta dawo, shi kaɗai ya rage da abin da aka goge a ƙwaƙwalwarsa. Har akwai wani gwaninta da nake so a wasan: tunda dukkansa labari ne Yarima yake ba Farah, idan ka yi kuskure ka faɗa rami ka mutu, sai ka ji muryarsa yana gyara zance, yana cewa ba haka abin ya faru ba, bari ya sake. Mutuwarka ta zama tuntuɓen harshen mai ba da labari.

To a wasa na biyu sai aka sake wanke allon, kuma wankin ya fi na farko zurfi. Bayan shekara 7 wani baƙin dodo mai ƙaho, Dahaka, mai gadin tafiyar lokaci, yana farautar Yarima, domin a ƙa'ida duk wanda ya buɗe yashin mutuwa ce makomarsa, shi kuwa ya zille. Yarima ya yi tunanin idan ba a taɓa yin yashin ba, Dahaka ba shi da abin da zai bi shi a kai. Ya tafi Tsibirin Lokaci, ya koma can zamanin da. A ƙarshe dabarar da ta yi masa aiki ita ce ya janyo Kaileena, Sarauniyar Lokaci, wadda daga jikinta yashin yake fita, ya raba ta da zamaninta ya kawo ta nasa. Ku koma layin sama ku bi shi da fensir. Babu yashi a zamanin da, don haka Maharaja bai samo agogo cike ba. Babu abin da aka buɗe a Azad. Babu dalilin da zai kai Yarima ɗakin Farah cikin dare. In bai je ɗakin ba, wa ya kashe Waziri? Babu kowa. Yarima ya wanke laifinsa daga allo, ruwan wankin ya haɗa har da aikin kirki ɗaya da ya yi. Waziri ya rayu, ya kashe Maharaja, ya kwashi rundunarsa ya nufi Babila. Shi ya sa kuma Farah ta Rival Swords take kallon Yarima kamar baƙo, tana mamakin inda ya san sunanta.

Ga amsarka ke nan: a layin ƙasa Waziri ya mutu, a layin sama bai taɓa mutuwa ba. Marubutan ba su manta ba, da gangan suka yi, kuma a ganina nan ne labarin ya fi daɗi.

Saura rabon abokinka. Ku koma Revelations ku lura da rabinsa na farko, za ku ga ba dokar allo yake bi ba. Wata doka ce daban, wadda nake kira dokar kaset. Fim ɗin da aka riga aka ɗauka, ko sau nawa ka mayar da shi baya, wanda ya mutu a minti na 40 zai sake mutuwa a minti na 40. In ma kai kana cikin fim ɗin, komawarka baya tana cikin abin da aka ɗauka tun farko. Ku duba yadda aka ɗaure ta. Kaileena ta hango cewa Yarima ne ajalinta, don haka ta tura a kashe shi, ta sa shi cikin haɗari iri iri. Wannan ƙoƙarin nata ne ya kai su ga faɗa, ya kashe ta. Shi kuma ya tsallaka teku don ya hana a yi yashi, ashe mutuwarta a hannunsa ita ce ta haifar da yashin. Kowannensu gudun da ya yi ne ya kai shi inda yake gudu. Akwai kuma wata baƙar fatalwa da take ta gilmawa tun farkon wasan, har akwai inda ta wurgo makami kamar Yarima take nufi, daga baya ka gane kai ne da kanka bayan ka sa wani abin rufe fuska na tsafi ka koma baya, kuma maƙiyin da ke bayanka ka jefa. Duk wannan ya zauna lafiya, babu tufka da warwara. Wani masanin kimiyya ɗan Rasha, Igor Novikov, ya kawo irin wannan ra'ayi a shekarun 1980: in har komawa baya zai yiwu, to abin da matafiyi zai iya yi shi ne kawai abin da bai ci karo da abin da ya riga ya faru ba.

Sai aka zo bakin wata ƙofa. A zagaye na farko, kana Yarima, ka ga Dahaka ya cafke fatalwar ya hallaka ta. A zagaye na biyu, kana fatalwar, ka kauce, Dahaka ya cafke Yarima na baya. A daidai wannan daƙiƙa kaset ya koma allo, kuma ba a yi mana sallama ba. Tambayar da abokinka ya kamata ya yi ita ce: idan Yarima na baya ya mutu a bakin ƙofa, wane ne ya ci gaba ya kashe Kaileena, ya samo abin rufe fuskar, ya dawo ya kauce? Wanda ya kauce ɗin daga ina ya fito?

Wannan tsohuwar sarƙaƙiya ce, ana kiranta sarƙaƙiyar kaka. Mutum ya koma baya ya hallaka kakansa tun kakan bai yi aure ba. To ba a haifi ubansa ba, ba a haife shi ba, babu wanda ya koma baya, kaka ya rayu, an haife shi, ya koma baya. Haka za a yi ta zagaye kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Wani marubuci Bafaranshe, René Barjavel, ya sa ta a littafinsa tun shekarun 1940, kuma har yau ba a daina jan ta ba. Masu Prince of Persia sun san ramin yana nan, sai suka rufe shi da cewa tsafin abin rufe fuskar ne yake ba mutum biyu damar zama a lokaci guda, in ɗaya ya mutu ɗayan ya gaji wurinsa. Ni dai faci na ɗauke shi. Facin ya riƙe iska har an isa gida, amma duk mai ido zai ga inda aka liƙa. Haka nan abin wuyan Farah da Yarima yake ɗaure da shi a ƙirji yana sarrafa lokaci da shi: ta bar masa shi ne a kwanakin da aka riga aka goge. Haddar da ke kai mun yarda ta tsallake wanki, amma ƙarfe fa?

Akwai doka ta uku da take warware sarƙaƙiyar kaka cikin sauƙi, dokar mararraba. Direban da ya taso daga Birnin Gwari zai iya bin hanyar Kaduna ta Udawa da Buruku, zai iya bin ta Funtuwa. Bin ɗaya ba ya shafe ɗayar, kowace tana nan da motocinta. A wannan doka, wanda ya koma baya ya canza wani abu, sabuwar hanya ya buɗe. A tsohuwar hanya kakansa ya rayu an haife shi, a sabuwar kuma shi baƙo ne da ya zo daga wata hanya. Kamfanin Nintendo ya bi wannan a wasannin Zelda. A 2011 suka fitar da wani littafi, Hyrule Historia, inda suka nuna cewa daga wasan Ocarina of Time na 1998 tarihin duniyar ya rabu gida uku, har da reshen da jarumin ya sha kaye. Za ku ce to mu ɗora Yarima a kan wannan mu huta. Ba za ta ɗauke shi ba. In hanyoyi suna da yawa, me Dahaka yake gadi? Aikinsa duka ya tsaya ne a kan cewa hanya ɗaya ce kuma wani ya karkatar da ita. Ga wani abin da ya fi wannan ciwo: a dokar mararraba Yarima bai ceci kowa ba. Farah da ta faɗo tana can a mace a hanyarta, shi dai ya gudu zuwa inda wata Farah take da rai. Ban san ku ba, amma ni wannan ta fi sauran biyun ba ni tsoro.

Wani zai tambaya, a zahiri fa? Abin da kimiyya ta tabbatar gaba ne kawai. Tun 1905 da 1915 Albert Einstein ya nuna cewa gudu da nauyin duniya suna canza saurin tafiyar agogo. A 1971 wasu masana biyu, Hafele da Keating, suka ɗora agogo masu tsananin daidaito a jiragen fasinja suka zagaya duniya, da suka dawo agogon sun saɓa da na ƙasa kamar yadda lissafi ya faɗa. Taurarin ɗan'adam na GPS da wayarka take nemo hanya da su, agogonsu yana wuce na ƙasa da kusan kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana, sai an gyara lissafin kafin taswira ta yi daidai. Baya kuwa babu wanda ya taɓa komawa. A watan Yuni 2009 Stephen Hawking ya shirya walima a Jami'ar Kambirij don matafiya daga zamani mai zuwa, bai fitar da katin gayyata ba sai bayan an tashi. Ya zauna shi da abinci, ko mutum ɗaya bai leƙo ba.

A ƙasan saƙon ɗalibin nan akwai layi ɗaya da na daɗe ina kallo. Ya ce, "Malam, da za a ba ni wuƙar nan, 2021 zan koma." Bai yi bayani ba, mu ma 'yan wannan yanki ba mu buƙaci bayani. A ƙarshen Satumbar shekarar aka katse layukan waya a sassan jihar Kaduna har da Birnin Gwari, kusan wata biyu waya ba ta da amfani sai kallo da gem ɗin da ba ya son data. Ƙauyuka sun watse, makarantu da yawa sun zama kufai, kuma na san akwai masu karanta wannan shafi da suka girmi 'yan ajinsu da shekara biyu ko uku ba don sun faɗi jarrabawa ba. A ƙarshen 2024 an sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe, motoci sun dawo hanya, amma babu wanda ya mayar wa yaro ajin da ya wuce shi.

Ƙanena, ba ni da wuƙa, kuma ko ta cikin gem ɗin, in ka lura, kusan daƙiƙa goma take mayarwa, sai kuma in da sauran yashi a ciki. Abin da zan ce ka yi shi ne ka ƙarasa Rival Swords, don na fahimci ba ku kai ƙarshe ba. Akwai wurin da Yarima zai gangara cikin wata tsohuwar rijiya a ƙarƙashin fada, cikin duhu, ya tarar da gawar mahaifinsa. Muguwar muryar nan da take cikin kansa za ta yi masa ba'a, ta tambaye shi ko wannan karon ma zai nemo hanyar mayar da lokaci. Mutumin da ya shafe wasa biyu yana wanke allo, kowane wanki yana jawo wanda ya fi shi muni, ka saurari abin da zai ce a wurin, ka kuma ga abin da zai ɗauka daga gefen gawar. Ba zan ɓata maka ba. In ka kai, ka rubuto mini ra'ayinka, ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba. Takobin ruwa na Revelations kuwa, wanda ake kashe Dahaka da shi, ba ya fitowa sai ka tattara duk ƙarin rai da aka ɓoye a tsibirin, guda 9 ne a asalin wasan. Wanda bai samo shi ba zai ga wani ƙarshe daban wanda Kaileena ta mutu, ya shiga Rival Swords ya gan ta a jirgin ruwa da ranta, wata sabuwar gardamar ta tashi. Na faɗa tun yanzu don kada ku sake kwana uku.

Ga aikin gida, kuma ina so ku yi shi tare da abokin naka, a shafi ɗaya. A cikin Ocarina of Time, jarumin mai suna Link yana zirga-zirga tsakanin yarintarsa da girmansa, shekara 7 tsakani. Yana babba ya shiga wani gidan injin da iska ke juyawa a ƙauyen Kakariko, ya tarar da wani makaɗi yana ta faɗa, wai shekara 7 da suka wuce wani yaro ya zo ya busa wata waƙa da ta haukata masa inji. Cikin fushi makaɗin ya koya wa Link waƙar. Link ya koma yarinta, ya shiga wurin, ya busa ta, inji ya haukace, makaɗin ya ji ta a karon farko ya riƙe. Ku ja layukanku biyu, ku gaya mini wace doka ce wannan a cikin ukun, sa'annan ku nuna mini a kan layin inda aka ƙirƙiri waƙar da wanda ya ƙirƙire ta. Zanen da ya fi fitowa fili za mu buga shi a wannan shafi da sunan makarantarku. Batun batiri kuma yana nan mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.